Dakta da Pandodina

Panda na farko da na mallaka a jikin kwalin biskit yake. A wani ƙaramin kanti na 'yan Asiya na gan shi, a kan Bristol Road, cikin hunturuna na farko a Birmingham. Barkono na shiga nema, don na manyan kantuna ko a ido aka zuba maka shi ba za ka yi hawaye ba. Ina cikin dube-dube sai idona ya faɗa kan wani kwali ruwan ɗorawa. A jikinsa an zana wata dabba mai ƙiba, fari da baƙi, ta zauna daɓas ta miƙe ƙafafu, ta riƙe biskit da hannu biyu kamar yadda mutanenmu ke riƙe rake a bakin titi. Idanunta zagaye da baƙi, kamar macen da ta sa kwalli ta yi kuka ta kwanta a haka. A lokacin ni ma haka nawa idanun suke. Na ɗauki kwalin, na fito ban sayi barkonon ba.

A Selly Oak nake zaune, a gidan haya na ɗalibai mata, kowa da ɗakinta, kicin ɗaya muke haɗawa. Ina digiri na uku a kan tsaftace ruwan sha, shekaruna sun ɗan haura talatin, kuma ban san kowa a garin ba sai Anti, matar wani abokin yayana, wadda ke zaune a Perry Barr da mijinta. Ɗakin da ke kallon nawa wata 'yar Japan ce a ciki, tana karatun koyar da Turanci. Har zuwa ranar, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da ta ga kwalin a kan teburin kicin sai ta tsaya, ta ɗauka, ta juya bayansa, ta bi rubutun ƙasarsu da ɗan yatsa. Ta dube ni, ta dubi mayafina, sannan ta ce akwai kitsen alade a ciki. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta zuba shi.

Na ce ta cinye biskit ɗin ta bar mini kwalin. Haka kuwa muka ci gaba: in sayo, ta cinye, in ajiye kwali.

Ita ta nuna mini cewa a ƙasarsu panda ba a jikin biskit kaɗai yake ba. Da rana idan mun haɗu a kicin, ita da shinkafarta ni da taliyata, sai ta jingina wayarta da kwalbar mai ta kunna mini tallace-tallacen talabijin ɗinsu. Akwai panda mai kwat da laktaye, yana barci a tsaye cikin jirgin ƙasa, sai ya kurɓi kofi na gwangwani sannan ya buɗe ido, idon ma ɗaya. Akwai wanda mura ta kama, ya yi atishawa har baƙaƙen kunnuwansa suka faɗo ƙasa, ya sunkuya ya tsince su ya mayar. Akwai wani a jikin allon gefen titi, da hular kwano, yana rusuna wa masu wucewa don ba su haƙurin an tona hanya. Wanda na fi so shi ne tallan tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Panda yana kwance rub da ciki a tsakar ɗaki. Waya ta yi ƙara, bai motsa ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, bai motsa ba. Da tukunyar ta yi ɗan kukanta na alamar shinkafa ta nuna, bai tashi tsaye ba, sai ya mirgina, ya ƙara mirginawa, har ya isa kicin. Ba wanda ya ce uffan daga farkon tallan har ƙarshensa.

Ban taɓa zama na nemi dalilin da ya sa nake son su ba. Idan an matsa mini, zan ce panda ba ya ƙoƙarin burge kowa. Yini nake yi a uni, wato jami'a, cikin mutanen da kowannensu ke son a san ya fi na kusa da shi karatu. In dawo gida kaina na sara, in tarar da dabbar da Allah ya ba haƙora da ƙarfin da za ta iya karya mutum, amma ta zaɓi ta zauna tana tauna gora. Kafin shekara ta zagayo, bakin tagar ɗakina ya cika: kwalaye, kofin shayi, safa, 'yar jakar biro, kowanne da hoton panda a jikinsa. Da 'yar Japan ɗin, wadda zuwa lokacin ta zama ƙawata, ta je gida hutu, ta kawo mini tsarabar ƙaramin tawul da wani ɗan panda mai hular direban jirgin ƙasa, wanda na rataya a jikin jakata. Ni na raɗa musu jam'i da kaina, nake ce musu pandodi.

A haka nake zaune lafiya har Anti ta kira ni wata Laraba.

"Akwai wani yaro a Manchester," in ji ta, "ɗan mutunci, ɗan jiharku ne ma. Ya kusa gama PhD ɗinsa. Ki zo ran Asabar ki ci tuwo, ku gaisa kawai. Ba dole a ciki."

Na je. Na tarar da shi a falon Anti ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa mijin Anti bayanin yadda ake neman gida a wajen council, wato hukumar gari, alhali mijin Antin ya riga shi zuwa ƙasar da shekaru. Dakta kowa ke ce masa, ko da yake bai kammala ba, bai ma miƙa kundinsa ba. Gyara wa mutane magana ita ce sana'arsa, amma wannan kuskuren ɗaya bai taɓa gyara wa kowa ba. Dogo ne, yana da tsafta, ba shi da muni. Ina faɗar wannan don kada a ce ban yi masa adalci ba. Da aka kawo tuwo ya nemi cokali, sannan ya shiga yi wa Anti bayanin amfanin kuka a jikin ɗan Adam, ita da ta kaɗa miyar.

Da na ajiye jakata a kan kujera sai ya hango abin da ke reto a jikinta.

"Wannan fa, Hajiya?"

"Panda ne. Ƙawata ta kawo mini daga Japan."

"Japan?" Ya yi murmushin malamin da ya kama ɗalibi da satar amsa. "Actually, panda ba dabbar Japan ba ce. Ta China ce. Mutane da yawa suna yin wannan mistake ɗin."

Na ce na sani. Na ce waɗanda ke gidajen namun dajin Japan aro ne daga China, kuma ƙawata ta ba ni labarin yadda mutane ke yin dogon layi don su gan su na ɗan lokaci. Ya gyaɗa kai kamar ɗalibarsa ta maimaita darasi daidai, sannan ya juya ya sake yi wa mijin Anti bayanin tun daga farko, shi da bai tambaya ba.

A kicin, muna wanke kwanuka, Anti ta ce, "Ya kika gan shi?"

"Yana da surutu, Anti."

"Ilimi ne ya yi masa yawa. Aure zai rage shi. Ki ba shi dama, don Allah."

Na ba shi dama. Yana kirana a waya, yana magana, ina cewa haka ne. Bayan 'yan makonni su Anti za su je Manchester gaishe da wasu 'yan'uwa, sai suka tafi da ni, shi kuma ya gayyace mu cin abinci a Rusholme, a ɗaya daga gidajen abincin nan na 'yan Asiya da suka jeru a Wilmslow Road. Anti da mijinta suka kama teburin gefe don su ba mu wuri. Ya zo sanye da rigar wata ƙungiyar ƙwallo, da sunan wani kamfani rubuce a ƙirjinsa da manyan haruffa. Kafin abinci ya iso ya riga ya gaya wa mai kawo abincin, wanda aka haifa a cikin wannan girki, yadda ake dafa shinkafarsu ta asali.

Na yi tunanin watakila laifina ne, ban taɓa nuna masa abin da nake gani ba. Na fito da wayata na kunna masa tallan tukunyar shinkafa. Ya kalla fuskarsa a ɗaure, kamar mai duba takardar jarrabawa. Panda bai kai ga mirginawa ta biyu ba ya sa yatsa ya tsayar da hoton.

"To, mene ne message ɗin?"

"Tukunya suke sayarwa."

"Exactly." Ya gyara zama. "Kin ga yadda suke yi? Su ɗauki dabba, su ƙara mata girman ido, su mayar da babban mutum yaro, sai ya buɗe aljihunsa da kansa. Jari-hujja ke nan. Ke yanzu kin zama victim, ba ki ma sani ba."

Na dubi ƙirjinsa. Na tambaye shi me kamfanin da ke rubuce a jikin rigarsa yake sayarwa.

Ya sunkuya ya duba kamar yau ya fara ganin rubutun. "Wannan daban ne. Wannan ƙwallo ce."

Da ya ga zancen jari-hujja bai kama ni ba sai ya koma addini, ya fara zancen hotunan abubuwa masu rai a cikin ɗaki. Wannan magana ce da nake girmamawa idan ta fito daga bakin wanda ta dama. Shi kuwa ya ɗauko ta ne kamar yadda mutum ke ajiye cokali ya ɗauki wuƙa idan nama ya ƙi yankuwa. Bai daɗe a kanta ba, don a daidai lokacin wayarsa ta yi haske a kan tebur, da hotonsa a fuskarta, ya harɗe hannu a ƙofar jami'a.

Na so in yanke abin tun ranar. Anti ta ce in ƙara haƙuri, maza sai a hankali. Kuma kamar don ya gaskata ta, wata Lahadi da rana ya kira ni ya ce yana ƙofar gidanmu, daga Manchester yake, ya zo da saƙo. Na sauko na buɗe ƙofa, ban ga fuskarsa ba, sai ƙaton kan panda. Irin 'yar tsanar nan ce ta auduga da ake cika manyan kantuna da su a watan masoya, tsayinta ya kai ƙirjina, an ɗinka mata jar zuciya a tsakanin hannuwa, da jan ƙyalle a wuya. Idanunta na roba, ɗaya ya fi ɗaya hawa sama. Tana warin leda.

"Tunda kina son irin waɗannan toys ɗin," in ji shi daga bayanta. "Na ce bari in kawo miki babba gaba ɗaya, ki huta da tara ƙanana."

Na yi godiya, don an koya mini godiya. Na shigar da shi kicin na ba shi shayi, ƙofa a buɗe, sauran 'yan gidan na kai da kawowa. Yana kurɓa ya ce ba komai, in ci gaba da ajiye su yanzu, idan an yi aure sai a kwashe su a kai ɗakin yara. Ban tuna na ce masa za a yi auren ba.

Bayan ya tafi ƙawata ta shigo ta tarar da abin a zaune a kan kujerarta. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Mace ce da ban taɓa jin ta kushe ko ruwan sama ba. Daga ƙarshe ta ce, a hankali, "Yana da girma sosai." Ban taɓa jin ta faɗi magana mai zafin wannan ba.

Abin da bai gane ba, kuma ban ga alamar zai taɓa ganewa ba, shi ne ba kowane fari da baƙi nake so ba. Pandodina suna da aikin yi: suna makara, suna mura, suna jiran shinkafa. Nasa ba abin da yake yi sai riƙe zuciya yana zare ido. A wajensa duk ɗaya ne, kayan wasa, kuma babba ya fi ƙarami. Ɗakina ƙarami ne, ba inda zan sa shi, sai na tura shi saman kabad, ƙafafunsa na reto a kaina duk lokacin da zan ɗauki riga.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ya turo mini saƙon da ya ba ni mamaki. Ya ce yana son ya fahimci abin nan da kyau, in ɗauko masa hoton duk tarin pandodina in turo. Na karanta saƙon na sake karantawa. Na ce a raina watakila Anti ta fi ni sanin maza. Na goge ƙurar bakin taga, na jera su da kyau, na jira rana ta ɗan leƙo, na ɗauka na tura masa. Har da ɗan bayanin kowanne na rubuta. Ya amsa da cewa ya gode, this is very useful.

Bayan Sallah ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke Manchester suka shirya taron cin abinci a wani zaure da suka kama haya a Rusholme. Irin taron nan ne da ake gayyatar kowa, har da iyalan Kiristocinmu na Jos da Kaduna, kamar yadda su ma suke kiranmu idan nasu bikin ya zo. Muka taso daga Birmingham a motar su Anti. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, ƙamshin soyayyen nama ya cika wurin, amma aka ce ba za a buɗe kulolin ba sai an saurari jawabi. Dakta ne mai jawabin. Ya sha babbar riga da hula, an kafa masa na'urar haska hoto a bango. Batunsa shi ne yadda muke rasa kanmu a ƙasar wasu.

Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, ta fito daga aiki ko gida ba ta biya ba. Mun gaisa, na ce mata Mama, ta ce mini 'yata. Jawabin bai yi nisa ba ta fara gyangyaɗi, ni kuma ina kallon kulolin abinci. Sai na ji ya ce bari ya ba da misali na zahiri. Na ɗaga kai, sai ga bakin tagar ɗakina a bango, ya fi ƙofa girma. Kofina, tawul ɗina, kwalayena a jere yadda na jera su da hannuna. A gefen hoton ana ganin kusurwar gadona, da ɗankwalina da na shanya a kan hita.

"Wannan ɗakin wata 'yar'uwarmu ne," in ji shi. "I won't mention names. PhD student ce fa." Ya dakata, wasu daga cikin mazan suka yi dariya. "Kakanninta sun bar mata ƙwarya, sun bar mata faifai, sun bar mata tabarma. Ta tsallake duk wannan ta je ta kwaso 'yar tsanar Japan. Abin takaicin ma, dabbar ba ta Japan ba ce, ta China ce."

Jakata na kan cinyata, ɗan panda mai hular direba na reto a jikinta. Ba wanda ke buƙatar a faɗa masa suna. Matan da ke gabana ba su waiwayo ba, irin rashin waiwayowar da ya fi waiwayowa ciwo. Anti ta sunkuyar da kai. Fuskata ta ɗau zafi, na ji kamar in nutse. Amma bai daɗe ba zafin ya wuce, wani abu mai sanyi ya maye gurbinsa. Na dube shi a tsaye yana nuna gadona da ɗan sandan nuni, mutumin da ban ga alamar ya taɓa riƙe faifai ba, wanda ke cin tuwo da cokali, sai na ji na raina shi. Ba fushi ba, ba baƙin ciki ba, raini tsantsa, irin wanda idan ya shiga ba ya fita.

Dattijuwar ta farka. Ta dubi bango, ta dubi jakata, ta matso kusa da kunnena.

"Naki ne, 'yata?"

"Nawa ne, Mama."

"To me yake yi a Japan ɗin, tunda an ce ba ɗan can ba ne?"

Na fito da wayata, na kashe sautin, na kunna mata tallan tukunya a ƙarƙashin mayafina. Ta yi ta kallo har panda ya fara mirginawa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da gefen zaninta, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Wallahi maigidana ne wannan, ran Asabar." Ta karɓi wayar daga hannuna ba ta tambaye ni ba, ta miƙa wa ta kusa da ita. Daga nan wayar ta kama hanya. Wata ta gano na murar, wanda kunnuwansa ke faɗuwa, aka sake sabon zagaye. Dariya ta riƙa tashi daga gefen mata, ta lafa, ta sake tashi a wani layin.

Dakta ya ɗauka tasa ce. Na ga lokacin da abin ya shige shi: ya gyara hularsa, ya ƙara buɗe kafaɗa, ya fara dakatawa bayan kowace jimla don ya ba dariyar wuri. Ya maimaita zancen China yana kallon gefenmu, aka yi sa'a a daidai lokacin wata ta fashe da dariya har da tari, sai ya ɗaga mata hannu alamar ta yi a hankali. Da zai rufe ya yi godiya ta musamman ga iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, ya ce bai taɓa samun masu sauraro masu rai kamarsu ba. Muka tafa masa. Ba wadda ta gaya masa gaskiya, ni ma ban ga dalilin da zan yi masa wannan alherin ba.

A wajen ɗibar abinci ya same ni, fuskarsa na ƙyalli.

"Kin ga yadda ya karɓu? Kada ki damu, ban faɗi suna ba. Anonymous ne."

Na ce, "Dakta, ka goge hotunan ɗakina daga wayarka da kwamfutarka. Yanzu, ina kallo."

"Haba Hajiya, ai data ce. Akwai paper da nake son in fitar a kai."

Mijin Anti na tsaye kusa da mu da faranti a hannu. Mutum ne da zai yi yini bai haɗa jimla biyu ba. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Goge mata." Dakta ya dube shi, ya dube ni, ya fito da wayar ya goge, ya buɗe kwamfutar a kan teburin lemo ya goge. Na ce masa kada ya ƙara kirana.

"Saboda teddy bear?" in ji shi.

Na zuba dafa-dukata da nama na koma wajen dattijuwar, wadda ke jirana in nuna mata na jirgin ƙasa.

A hanyar komawa Birmingham, muna hawa babban titi Anti ta juyo gare ni. Sannan ta ce bai kyauta ba, ita ma ta ji kunya, amma in duba, maza duk haka suke, ba sa sanin abin da zai ɓata wa mace rai sai an gaya musu. Na ce ai ba rashin sani ba ne, Anti, roƙona ya yi in turo masa, har da godiya. Ta ce haka ne. Can ta ce, "Amma na murar nan, Allah ya shirye ki, har yanzu cikina ciwo yake." Mijinta na tuƙi, sai da muka kusa Perry Barr ya ce yaron ba shi da kunya. Daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Washegari ni da ƙawata muka sauko da ƙaton pandan daga saman kabad, ita ta kama ƙafafu ni na kama kai, muka kai shi shagon da ke karɓar kayan sadaka a Bristol Road. Matar shagon ta zaunar da shi a taga. Ya daɗe a wurin yana zare wa masu jiran bas ido.

Dakta ya yi ta turo saƙonnin murya, dogaye, yana bayanin cewa ban fahimci context ɗin ba. Na saurari farkon guda ɗaya na bar sauran. Daga baya na ji ya kammala, ya zama daktan gaske, ya koma gida, ana gayyatarsa taruka yana jawabi. Ban yi mamaki ba, kuma ban ji komai ba. Ni ma na gama nawa karatun a lokacinsa, ƙawata ta koma ƙasarsu tana koyarwa, har yau idan sabon talla ya fito takan turo mini.

Umma ce kaɗai ban gaya wa da wuri ba, don na san ta riga ta fara yi wa ƙannenta albishir. Sai da ta tambaye ni da kanta a waya, wata Juma'a bayan na dawo daga uni, ina labarin yaron Manchester. Na ba ta labarin duka, ban rage komai ba.

"Tsaya," in ji ta. "Hoton ɗakin kwananki ya haska a bango? Gaban maza?"

"Har da gadona, Umma."

"Uwarsa ba ta da rai ne?"

Na ce tana da rai, a iya sanina.

"To, Allah ya ba ta haƙuri." Sai kuma ta ce, "Ita wannan dabbar, ana cin namanta?"

"Ba a ci, Umma. Ko taɓa ta ba a bari a yi."

"Ana hawanta?"

"A'a. Kallonta kawai ake yi."

"Ikon Allah," in ji ta. "To ki riƙa cin abinci, muryarki ta yi sanyi." Daga nan ta shiga ba ni labarin rijiyar gidanmu da aka yashe, da yadda mai yasar ya tsinto butar da ta ɓata tun ina sakandare.